Ba kowane mai jiragen yaƙi ba ne Sairus

Tun da shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar kawo farmaki Najeriya a watan Nuwamban 2025 bisa zargin ana kashe Kiristoci, wata tsohuwar magana ta sake tashi a bakin wasu masu wa'azi: wai shi ne Sairus na zamaninmu, baƙon sarkin da Allah ya tayar domin ya hukunta azzalumai. Sairus shi ne sarkin Farisa da ya ci Babila, ya bar Yahudawan da aka kwashe suka koma gida. Daga Amurka aka kwaso ta. Wani mai wa'azi, Lance Wallnau, ya yaɗa ta tun 2016, yana haɗa sura ta 45 ta littafin Ishaya, inda aka ambaci Sairus, da shugaban Amurka na 45, wato Trump, alhali sai a ƙarni na 13 aka raba littafin sura-sura. Wannan ba fassara ba ce, son zuciya ne.

Gaskiya ne annabawan Ibraniyawa sun ce Allah yakan yi hukunci ta hannun baƙin al'ummai. Amma wa ake duka? A sura ta 10 Ishaya ya kira Assuriya sandan fushin Allah, kuma a bayan Isra'ila sandan ya sauka: Samariya, babban birninta, ta faɗi a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Irmiya ya kira Nebukadnezzar, sarkin Babila, bawan Allah, wannan bawan kuwa shi ya ƙone Urushalima da Haikalinta, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila. Amos ya fara da Dimashƙu da Gaza da Taya, masu sauraro suna jin daɗi, sai ya juyo kansu, ya ce su ne masu sayar da matalauci a kan takalmi. Duk annabin da ya ambaci sandan, mutanensa yake tuhuma, wasunsu kuma sun sha wuya a kai. An zargi Irmiya da cin amanar ƙasa, aka jefa shi cikin rijiya mai laka.

Masu wa'azin namu sun juya abin baibai. Su ne masu gaskiya, maƙwabci ne mai zunubi, baƙo mai makamai kuma ɗan aiken Allah ne. Wa'azin da ba ya taɓa mai yin sa, ba ya taɓa attajirin da ke zaune a kujerar gaba, ba shi da dangantaka da na Irmiya.

Sun kuma tsallake rabin labarin. A surar nan ta 10, Ishaya ya ce sarkin Assuriya ba nufin Allah ne a ransa ba, hallaka al'ummai kawai ya sa a gaba, har ya tambaya ko gatari zai yi wa mai sara fahariya. Nineba, babban birnin Assuriya, ta rushe a 612 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta faɗa hannun Farisawa a 539. Habakkuk ma da ya ji Kaldiyawa, wato Babilawa, za a turo, bai yi murna ba, kuka ya kai wa Allah: yaya mugu zai haɗiye wanda ya fi shi adalci?

Za su ce ai Sairus ceto ya kawo, ba duka ba. To, wahayi ne ya ambaci sunan Sairus, su kuwa wane wahayi ya zo musu da sunan Trump?

Jinin da ake zubarwa a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna gaskiya ne, haka na Zamfara da Katsina da Borno, kuma wanda ya binne ɗansa yana da haƙƙin neman agaji ko'ina. Shi ya sa abin yake ƙona mini rai. Ana ɗaukar hawayen mutane ana lulluɓe siyasar wata ƙasa da ayoyi, ana koya wa matasa su ɗauki maƙwabtansu a matsayin waɗanda hukunci ya dace da su. Shugabannin coci su tsawata wa masu wannan wa'azi, makarantun tauhidi kuma su koma koyar da annabawan nan sura bayan sura. Wanda yake son taimakon Amurka ya kare ra'ayinsa da hujjar tsaro da diflomasiyya, ya bar Ishaya a gefe.