Abin da kwamfuta za ta iya faɗa mana kan rabuwar unguwanni

A shekarar 1971, masanin tattalin arzikin nan ɗan Amurka Thomas Schelling, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 2005, ya wallafa wani gwaji da ya fara da kwabbai iri biyu a kan allo mai gida-gida irin na dara. Kowane kwabo magidanci ne, kuma ƙa'idarsa guda ce: idan irinsa ba su kai kusan kashi ɗaya cikin uku na maƙwabtansa ba, sai ya koma gidan da babu kowa. Bai tsani kowa ba, ya ma yarda ya zauna cikin tsiraru. Duk da haka, da aka yi ta zagayawa, sai allon ya dare gida biyu. Wanda ya tashi ya rage wa na kusa da shi 'yan'uwa, shi ma ya kwashe kayansa, na gaba ya bi sahu.

Yau ba sai an nemo kwabbai ba. Manhajar NetLogo da Uri Wilensky ya fitar a 1999 kyauta ce, gwajin yana cikinta, ɗalibi zai iya sauya wancan kason na ɗaya cikin uku ya ga dubban gidaje sun rabu kafin ya shanye shayinsa. Ina ganin ya kamata sassan nazarin zamantakewa na jami'o'inmu su rungumi wannan hanya, tunda babu mai iya tayar da garin gaske ya sake zuba shi sau ɗari don ya gwada hasashensa.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro. Kwamfuta tana nuna yadda abu zai iya faruwa ne, tarihi kuma shi ke faɗin yadda ya faru. A Amurka hukuma ce da kanta ta zana taswirori a shekarun 1930 da suka toshe wa unguwannin baƙaƙen fata rancen gida. A Kaduna kuwa, jinin da aka zubar a 2000 da 2002 ne ya sa iyalai ƙetare kogi, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu. Wanda ya ce da waɗannan mutane "son zama da naka ne kawai" ya ci zarafinsu.

Amma gwajin yana bayyana abin da ya biyo baya. Ko tsoro ya lafa, rabuwar ba ta warware kanta, domin duk wanda ya fara komawa tsohuwar unguwarsa zai tarar babu nasa ko ɗaya a layin. Kowa jiran wani yake ya riga shi, yau sama da shekara 20 ke nan.