Bakano Zai Tsaya Takara a Faransa

BAKANO: Bawana, an ce akwai gari a Faransa mai mutum ɗaya tal. Gaskiya ne ko ƙaryar Zazzagawa ce?

BAZAZZAGI: Ubangidanka dai. Rochefourchat sunansa, can cikin duwatsun lardin Drôme. A farkon shekarun 1800 mutanensa sun haura 200, ƙidayar 1999 ta tarar da ɗaya. Ga coci, ga kangon ganuwa, ga shi.

BAKANO: Annoba aka yi?

BAZAZZAGI: Gonar dutse ba ta riƙe saurayi. Samari suka bi masana'antu birni, yaƙin duniya na 1914 ya kwashe wasu. Kuma abin a jere yake tafiya: yara su yi kaɗan a rufe makaranta, masu ƙananan yara su tashi, mai burodi ya rasa ciniki, likita ya tsufa babu magaji.

BAKANO: To wa ke mulkin mutumin?

BAZAZZAGI: Magajin gari da majalisarsa. Dokar Faransa ta ce ƙauyen da bai kai mutum 100 ba kujerun kansila 7 gare shi, wa'adi shekara 6.

BAKANO: Bakwai a kan mutum ɗaya! Ko Sarkin Zazzau bai samu wannan gatan ba. Ina suke samo su?

BAZAZZAGI: Masu gida ko fili a garin, da ke zaune wani wuri. In sunanka ya shekara biyu a jere a rajistar harajin garin, kana da ƙuri'a. Kansilolin su ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu.

BAKANO: Ana biyansa?

BAZAZZAGI: Na san nan za ka. Alawus ɗin ƙaramin ƙauye yakan kai Yuro dubu da ɗoriya a wata, daga asusun garin. Shi zai bi gyaran hanya, famfo, rufin coci da maƙabarta.

BAKANO: Na tsaya takara! Mutum huɗu kawai zan shawo kansu, buhun shinkafa ɗaya ya isa.

BAZAZZAGI: Sai Bafaranshe ke zama magajin gari, Alhaji. Kai ko ƙuri'ar ba ka da ita.

BAKANO: To in buɗe shago.

BAZAZZAGI: Ranar da mutumin ya yi zazzaɓi kasuwa ta tashi.

BAKANO: Me ya hana a haɗe su da maƙwabta a huta?

BAZAZZAGI: Dokar haɗewa na nan tun 2010, amma har yau suna da irin waɗannan ƙananan hukumomi kusan 35,000. Kowa na ƙyashin sunan garin kakansa ya ɓace. Kusa da garin Verdun ma akwai ƙauyuka 6 da yaƙin 1916 ya baje, babu ko mutum ɗaya, gwamnati na naɗa musu shugaba.

BAKANO: Babu kowa? Can zan kai shagon.

BAZAZZAGI: Wa zai saya?

BAKANO: Wa zai ci bashi?