Ba gajimare kaɗai ba ne

Na ji daɗin labarin nan na hasashen yanayi a cibiyoyin binciken taurari da ke kan tsaunuka, sai dai marubucin ya tsaya kan gajimare kawai. Ai ko sama ta yi tas, aiki na iya tsayawa. A tsaunin Mauna Kea da ke tsibirin Hawai, mai tsayin kusan mita 4,200, danshi na yawa sai a rufe rufin na'urar hangen nesa, kada raɓa ta kwanta a kan madubi. Ga kuma iskar can sama, ita ke sa tauraro ƙyalƙyali, hoto ya fito dishi-dishi. Mai bincike ya jira watanni a ba shi dare ɗaya, kwatsam hazo ya lulluɓe tsaunin. Wallahi abin da ciwo!