Ciwon karkarwa: maganin yana nan, wajen shansa muke kuskure

Idan hannun tsoho ɗaya yana rawa alhali yana zaune, amma ya lafa da ya miƙa shi ɗaukar moɗa, ga tafiya ta koma jan ƙafa, a nan Maraɗi sai a ce tsufa ne ko sammu. Sau da yawa cutar Parkinson ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ke mutuwa a hankali.

Bincike ya yi nisa. A 2023 an nuna ana iya gano gurɓataccen furotin ɗin cutar a ruwan ƙashin baya, kuma a shekarar wani bincike kan 'yan Najeriya ya gano wani sauyi a ƙwayar gado GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa ga 'yan asalin Afirka. Madalla. Sai dai mai ciwo a Zariya ko Tibiri, abin da zai tashe shi tsaye har gobe shi ne lebodofa, maganin da ake amfani da shi tun shekarun 1960, wanda ake samu a farmasi da sunan Modopar ko Sinemet.

A nan ake yin ɓarna. Lebodofa da furotin ɗin abinci hanya ɗaya suke bi daga hanji zuwa jini, su yi ta gogayya. Baba ya haɗiye ƙwaya, ya bi ta da ƙosai da fura da nono, sai iyali su ce maganin jabu ne. A ba shi da ruwa minti 30 kafin abinci, ko awa ɗaya zuwa biyu bayansa, nama da wake a bar su sai dare. Kada a haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. A riƙe lokaci ɗaya kullum, ko da ƙararrawar waya ce. Kada kuma a yanke shi rana ɗaya don kuɗi sun ƙare, jiki na iya sandarewa da zazzaɓi mai kisa, gara a koma wa likita tun da sauran na mako guda.

Primpéran da ake ba mai amai da Haldol na masu taɓin hankali suna tsananta ciwon. Artane na rage rawar hannu, amma yana rikita tsofaffi.

Masu cewa a sha 'ya'yan ƙarara suna da hujja, akwai lebodofa a ciki, an ma gwada su a Gana. Matsalar ita ce ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, cokalin yau daban da na gobe, don haka ban da sha da ka.

Idan ƙafar mai ciwon ta kafe a bakin ƙofa, kada a fizge shi. A ja layi da gawayi a ƙasa, a ce "Baba, ƙetare," ko a ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu har ya ɗaga ƙafa.