Kantar Zoɓo a Falona da Abin da Ɓawon Abarba Ya Ja Mini

Duk mai gida a Agege ta Legas ya san falonsa tasha ce. Wanda ya rako shanu daga Arewa, wanda ya zo neman biza, wanda zai hau jirgi da asuba a Ikeja, duk a wurinka za su sauka, kuma ba a tarbar baƙo da ruwa zalla. Da na lissafa abin da lemon kwalba ke ci mini a wata, sai na yanke shawarar kafa kanta a kusurwar falo, ta kayan sha irin namu: zoɓo, tsamiya, citta, kunun aya. Babu barasa, babu abin kunya.

Na gaya wa kafinta tsayi santimita 105, faɗi 120, da hawa biyu na jera kwalabe. Shi kuwa mutumin otal-otal ya saba yi wa aiki, don haka ya ƙara mini madubi a baya da wasu ƙugiyoyi na rataye kofunan tangaran kai ƙasa, wai kyauta. Ranar da aka shigo da ita duk 'yan gidan hayarmu sun fito kallo. Uwargida ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Maigida, in Liman ya shigo kai za ka yi masa bayani, ni ina kicin."

Kaya kuwa a kasuwar Mile 12 ake samunsu da sauƙi, in ka jure cunkoson Ketu. Zoɓo daga Jigawa da Kano yake zuwa, irin wanda ake lodawa zuwa Meziko. Ka zaɓi mai duhun ja, wanda in ka matsa shi a hannu zai yi ƙaras. In ya yi laushi ya sha raɓa, ka bar musu abinsu. Citta ta Kachiya ce, kuma tun cutar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, mai sayarwa yake auna ta yana kallon idonka. Sai kanumfari, dabino, busasshiyar aya da tsamiya.

Abin da ɗan Kano ba zai gane ba sai ya zauna a nan shi ne iskar Legas a jiƙe take. Zoɓon da zai shekara a buhu a Dawanau, a nan in ka bar shi a leda a buɗe da damina, kafin ka ankara ya yi furfura. Kowane abu sai a kwalba mai murfin da ke rufuwa ruf, a kuma ɗaga shi daga ƙasa. Ruwa ma haka: na rijiyar burtsatsen wasu unguwanni yana da ɗanɗanon ƙarfe, wasu na gishiri, don haka da ruwan leda nake aiki. Kowace leda rabin lita ce, shida ke nan lita uku, ba sai ka nemi ma'auni ba.

Zoɓo gwangwanin madara huɗu ya ishi lita uku. A ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita, kar a tsaya wasa da shi, launin ne ke bin ruwan. A zuba a tukunyar silba, ba ta dalma ba, domin tsaminsa yana cin dalma ya ba ka ɗanɗanon tsohon cokali. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa biyu, a daddaka. Kanumfari ƙwaya takwas zuwa goma. In ka wuce haka harshen baƙonka zai mutu na ɗan lokaci, shi ya sa ake sa shi a haƙori mai ciwo. Minti 15 zuwa 20 a kan wuta, a sauke, a tace da ƙyalle. Masu jefa kanwa don kashe tsami su riƙa tausayi: ɗan ƙanƙani ya isa, in ta yi yawa jan ya koma baƙi-baƙi, kuma ɗanɗanon da aka sayi zoɓon dominsa ya tafi.

Sukari ba na zuba shi a tukunya. Kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a ɗora har ya narke, a juye a kwalba daban. Wannan zai kai kusan wata a firij, kuma kowa ya zuba daidai bakinsa, mai ciwon sukari ya sha nasa haka. In ka dafa irin wannan ruwan sukarin da yankakkiyar citta na minti goma, ka samu abin da zai gyara tsamiya da lemun tsami duka. Tsamiya ba ta da wahala: a jiƙa a ruwan ɗumi kamar awa ɗaya, a dama, a tace.

Kunun aya ne mai shari'a. Sai ka tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba bilenda za ta ba ka labari. A jiƙa ta kwana, a wanke, a markaɗa da dabinon da aka cire wa ƙwallo da ɗan kwakwa, a tace sau biyu. Shi ba ya jira: a zafin Legas, in ba sanyi, wanda aka yi da safe kafin la'asar ya fara tsami yana yauƙi. Ranar sha ake yin sa.

To, ana haka sai aka ce surukina zai zo daga Zariya ganin likita. Na ce wannan karon sai na nuna masa 'yarsa tana hannu na gari. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo ta ce sirrin nata ɓawon abarba ne. Abin da ba ta faɗa ba, a cikin tukunya take dafa shi tare da zoɓon. Ni kuwa don ƙamshi ya fito sosai, sai da zoɓon ya huce na zuba ɗanyen ɓawon, na bar shi ya jiƙu. Kuma don kar dattijo ya sha wahalar zuba sukari da kansa, na karya dokata na haɗa masa tun daga farko. Na cika kwalabe har wuya, na ɗaure murfi tamau, na jera a firij. A daren aka ɗauke wuta, ta yi tafiyarta ta kwanaki, firij ya koma kabad. Tafiyar Baba ma aka ɗaga.

A jikin ɓawon abarba akwai yis na halitta, wanda tafasa ke kashewa. In ya samu sukari da ɗumi, sai ya hau ci yana fitar da iska da 'yar barasa. A Meziko da gangan suke yin haka, kwana biyu zuwa uku ya ishe su. Wato duk sharuɗɗan na cika su ba tare da an tambaye ni ba. Da a gorar roba na zuba, da na ji ta yi tauri na gane. Kwalbar gilashi ba ta gulma.

Baba ya iso cikin farar babbar riga. Ya dubi madubi, ya dubi kofunan da ke rataye, bai ce komai ba. Na sa ƙanƙara a kofi, na ce, "Baba, wannan da hannuna na haɗa maka." Ina murɗa murfin sai ji muka yi fuuu! Jan ruwa ya yi sama ya daki silin, ya dawo kan rawani. Falo ya ɗauki wani wari da ban taɓa zaton zan ji a gidana ba. Baba ya shinshina sau ɗaya, ya ce, "Innalillahi. Malam, tun yaushe ka fara?"

Uwargida ta fito a guje ta karɓi rigar, ta goga mata sabulu. Nan take jan ya koma shuɗi-shuɗi, domin abin da kanwa ke yi wa zoɓo shi sabulu ke yi masa. Ruwan sanyi ake fara kwarara wa tabon, da yawa, kafin sabulu ya matso. Ragowar kwalaben a bayan gida na buɗe su, na lulluɓe kowace da tawul, ina sassauta murfi kaɗan-kaɗan, yaran gida na leƙe suna ƙirgawa.

Sai da maƙwabciyar ta zo da kanta ta ba da shaida cikin gurguwar Hausarta kafin Baba ya yarda ya sha tsamiya, ita ma sai da aka jiƙa ta a gabansa. Yanzu zoɓona ba ya ganin sukari sai a kofi, gorar roba nake zuba shi da ratar yatsa uku a sama, rabi kuma na daskarar da shi don ya riƙe sauran in wuta ta tafi. Mai gidan hayarmu ya zo duba silin, ya ce fenti a kaina yake. Kofi uku na citta ya sha muna ciniki, bai rage ko naira ba.