Wa Ke Cin Moriyar Dokar "Karɓi Kowane Aiki"?

Tun da jam'iyyun da ke mulki a Jamus suka fito a watan Oktoban 2025 suka ce sun daidaita kan rusa Bürgergeld, tallafin da gwamnati ke bai wa marasa aikin yi a lokacin, ake ta tafa musu kamar sun gano maganin wata tsohuwar cuta. Abin da suka amince a kai shi ne, wanda ya ƙi zuwa ganawa da jami'in ofishin samar da aiki sau biyu za a zaftare masa kashi 30 cikin 100, in ya ƙara a tsayar da kuɗin baki ɗaya. Wanda kuwa aka nuna wa aiki ya ce ba ya so, sai ya san inda dare ya yi masa. Shugaban gwamnati Friedrich Merz ya daɗe yana wannan waƙa. A lokacin yaƙin neman zaɓe cewa ya riƙa yi za a yi tsimin biliyoyin yuro idan aka matsa wa masu zaman kashe wando. Da ma'aikatar ƙwadago ta zauna ta buga lissafi, abin da daftarin dokar ya nuna za a rage a 2026 bai kai yuro miliyan 100 ba, a tsarin da ya ci kusan biliyan 47 a 2024.

To in ba kuɗi ake nema ba, me ake nema? A 2024 masu karɓar wannan tallafi sun kai kimanin miliyan 5.5. A cikinsu akwai yara fiye da miliyan ɗaya da rabi, akwai marasa lafiya, da masu jinyar iyayensu, da masu rainon jarirai, sannan akwai wajen 800,000 da kullum suke fita aiki amma albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Waɗanda aka hukunta tsakanin Fabrairu da Disamban 2023 saboda sun ƙi karɓar aiki ko horo, ko sun ajiye wanda suke yi, kimanin 16,000 ne. A kan waɗannan 'yan tsirarun ake ta buga ganga, har babban sakataren CDU, jam'iyyar Merz, Carsten Linnemann, ya ce a ƙiyasinsa masu ƙin aikin sun kai 100,000, ƙiyasin da alƙaluman hukumar samar da aiki ba su goyi bayansa ba.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta wuce ta kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ma ban ce lafiyayyen mutum ya miƙe ƙafa yana jiran kuɗin masu biyan haraji ba, kuma babu wata ƙasa da ke biyan irin wannan tallafi ba tare da sharaɗin neman aiki ba. Wannan an daɗe da wuce shi. Inda rigimar take shi ne ko mai neman aikin yana da ikon duban aikin da aka miƙo masa, ya duba albashin da lokutan da nisan, ya ce wannan bai yi ba.

Mu ɗauki mai walda ɗan shekara 52 da masana'antarsu ta rufe bayan ya yi shekaru fiye da ashirin a cikinta. Ofishin samar da aiki ya ba shi takarda ya kai wani katafaren ɗakin ajiyar kaya. Aikin dare ne, ɗaukar kwalaye, kwantiragin wata uku ta hannun kamfanin 'yan kwangila, albashi daidai mafi ƙarancin da doka ta yarda, tafiyar sa'a ɗaya da rabi zuwa, sa'a ɗaya da rabi dawowa. Ya zauna gaban manaja. Manajan ya san abin da ke cikin takardar, ya kuma san cewa idan mutumin nan ya tashi bai sa hannu ba, rahoto zai koma ofis, kuɗin watan gobe ya tsaya. Me zai sa ya ƙara masa ko sisin kwabo? Me zai sa ya saurare shi idan ya ce bayansa ba zai ɗauki aikin ba, ko ba shi da wanda zai bar wa yara da dare? Cinikin da mai kaya ba shi da ikon cewa albarka, sunansa ƙwace.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake sayar wa ƙananan ma'aikata wannan doka a matsayin adalci gare su. Ana ce musu, kai kana tashi da asuba, wancan yana barci da kuɗinka. Alhali ba mai waldan kaɗai aka ɗaure ba. Wanda ya shekara biyar a wannan ɗakin ajiya yana shirin neman ƙarin albashi, yanzu manaja zai nuna masa ƙofa ne kawai, domin akwai layin mutanen da gwamnati da kanta ta tuso ƙeyarsu, waɗanda ba su isa su ce a'a ba. A kowace kasuwar ƙwadago, abin da ke tilasta wa mai mugun aiki ya gyara shi ne rasa masu yi. Aikin da ya yi wata shida babu mai so, saƙo ne ga mai shi cewa albashin ya yi kaɗan ko yanayin ya yi muni. Dokar karɓar kowane aiki tana toshe wannan saƙo. Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta su ne ke son hukuma ta sa baki a nan, kuma a ɓangaren mai ɗaukar aiki kaɗai.

Jamus ta fi kowa sanin haka, don ta gwada. A Janairun 2005 gwamnatin Gerhard Schröder ta fara aiki da dokar Hartz IV, wadda a ƙarƙashinta duk wanda inshorarsa ta rashin aiki ta ƙare ya wajaba ya karɓi kusan kowane aiki, ba ruwan doka da abin da ya karanta ko abin da yake samu a da. A cikin watan ne Schröder ya je taron tattalin arzikin duniya na Davos yana alfahari da cewa sun gina ɗaya daga cikin sassan ƙaramin albashi mafi kyau a Turai. Bai ɓoye manufar ba. Shekaru kaɗan bayan haka fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan ƙasar suna cikin rukunin masu ƙaramin albashi, har sai da aka kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2015, yuro 8.50 a sa'a, don a tsayar da zubewar. Su kuma waɗancan 800,000 da ke aiki gwamnati na cika musu, tallafin nasu a gaskiya na kamfanonin da ke biyan albashin da ba ya riƙe mutum ne. Ban taɓa jin an kira waɗannan kamfanoni cima-zaune ba.

Za a ce ai rashin aikin yi ya sauko daga sama da miliyan 5 bayan Hartz IV. Ya sauko, amma masana tattalin arziki da dama sun nuna cewa danne albashi da aka fara tun shekarun 1990 da bunƙasar sayar da kaya zuwa ƙetare sun taka rawa babba, don haka a daina jingina komai ga bulala.

Bulalar ma an auna ta. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan marasa aikin yi a Suwizalan ya gano cewa hukunci yana sa mutum ya bar layin tallafi da wuri, amma aikin da yake samu ba ya ɗorewa kuma abin da yake samu yana raguwa har tsawon shekara biyu. A Suwidin an ga irin haka a 2014: waɗanda aka hukunta sun faɗa ayyuka masu ƙarancin albashi da na rabin yini, kuma ba su farfaɗo da sauri ba. A Ostiriya, binciken Arash Nekoei da Andrea Weber na 2017 ya nuna cewa da aka ƙara wa mutane 'yan makonni na tallafi, sun sami ayyuka masu ɗan gwaɓin albashi. Na Birtaniya ya fi ban dariya. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ƙasar ta yi nata binciken kan zaftare tallafi, ta ga sakamakon, ta kulle shi a durowa. Sai a Afrilun 2023, bayan an tilasta mata da dokar 'yancin samun bayanai, ta sake shi. Abin da ke ciki: waɗanda aka hukunta sun fi jinkirin samun aikin albashi, kuma in sun samu sun fi samun kaɗan.

Akwai kuma masu cewa da babu gara ba daɗi, wai kowane aiki ya fi zama ko don lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Jami'ar Manchester sun duba wannan a 2017, suka auna jini da sauran alamun jiki, suka tarar waɗanda suka koma mugun aiki sun fi waɗanda suka ci gaba da zama babu aiki nuna alamun matsananciyar damuwa. Aiki mai kyau magani ne, babu musu. Ba kowane aiki ne mai kyau ba.

Sai ɓarnar ƙwarewa, wadda ba a cika lissafa ta ba saboda ba ta fitowa a alƙaluman wata-wata. A farkon 2022 Birtaniya ta rage lokacin da aka yarda mai neman aiki ya tsaya kan sana'arsa daga wata uku zuwa mako huɗu. Mako huɗu! Kamfani da yawa ba ya gama tantance takardun masu nema a wannan lokaci. Ƙasar da ke kukan ƙarancin ƙwararru ita ce ke tura ƙwararren da ta riga ta kashe kuɗi ta horar zuwa aikin da ɗan kwana uku zai iya. Haka a Satumban 2018 wani matashi da ya koyi aikin lambu ya gaya wa Emmanuel Macron cewa ya rasa aiki, shugaban na Faransa ya ce masa in ya tsallaka titi zai samo masa aiki a otal ko gidan abinci ko wurin gini. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa a layin ofishin neman aiki ba, kuma da ɗansa ne ya karanci wani fanni ba zai ce masa ya tsallaka titi ba.

A Jamus kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka daɗe babu aiki ba su da takardar shaidar koyon wata sana'a. Shi ya sa suke shiga aiki su fito bayan 'yan watanni, su dawo layi, a sake tura su. Abu mafi hankali da Bürgergeld ya zo da shi a 2023 shi ne soke ƙa'idar da ta ce tura mutum aiki nan take ya fi horar da shi muhimmanci. Wannan ƙa'ida ce gwamnatin Merz ta ce za ta maido, a daidai lokacin da ministocin ƙasar ke yawo ƙasashen duniya suna zawarcin ma'aikatan jinya da masu gyaran lantarki.

Waɗanda suka ƙirƙiro inshorar rashin aiki sun fi jikokinsu fahimtar wannan. Dokar Birtaniya ta 1911 ta yarda mutum ya ƙi aikin da ya samu saboda masu yinsa suna yajin aiki, ko wanda albashinsa ya gaza abin da ya saba samu. Dokar Amurka ta 1935 ta hana jihohi yanke wa mutum tallafi don ya ƙi aikin da albashinsa ko yanayinsa ya yi ƙasa sosai da abin da aka saba a yankin, ko wanda aka gindaya masa sharaɗin fita daga ƙungiyar ƙwadago. Yarjejeniya mai lamba 168 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1988, ta ce a duba shekarun mutum da gogewarsa da halin iyalinsa kafin a ce aiki ya dace da shi. Ba tausayi ne ya sa su ba. Sun san cewa idan aka mai da marasa aiki sandar dukan masu aiki, kowa zai sha.

Kuma a aikace wa bulalar ke samu? A Jamus fiye da kashi 80 cikin 100 na hukuncin da ake yankewa na rashin halartar ganawa ne, ba na ƙin aiki ba. Gwanin zamba ba ya makara, ya san dokar fiye da jami'in da ke gabansa, zai je ganawar aiki ya yi abin da zai sa a ƙi ɗaukarsa cikin ladabi. Wanda ake kamawa shi ne mai ciwon damuwa da ya bar wasiƙu sun taru bai buɗe ba, da wanda karatun takardar hukuma ke ba shi wuya. Idan aka tsayar da yuro 563 ɗinsa na wata, yaran gidan da ba su ƙi aikin kowa ba su ma sun shiga ciki. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta riga ta faɗa a Nuwamban 2019 cewa zaftare kashi 60 ko 100 kamar yadda ake yi a lokacin ya saɓa wa tsarin mulki. Ta bar 'yar ƙofa ga wanda aka miƙa wa takamaiman aikin da ya dace ya ƙi da gangan, kuma ta wannan 'yar ƙofa ake son shigar da raƙumi da kayansa.

Mafita ba ta buƙatar wani dogon nazari, tana cikin dokar Jamus ɗin kanta. Mai karɓar kuɗin inshora, wanda aka riƙa cira daga albashinsa, yana da ikon ƙin aikin da ya gaza tsohon albashinsa da fiye da kashi 20 a watanni ukun farko, da fiye da kashi 30 a ukun da ke biye, daga nan sharaɗin ya ƙara tsauri. A shimfiɗa irin wannan tsani ga kowa, a sa horo a gaba ga wanda ba shi da sana'a, kuma kafin ofishin gwamnati ya tura ɗan adam wani wurin aiki, ya fara zuwa ya ga wurin. In kuma ana da kuɗin ɗaukar sababbin masu sa ido, sashen hukumar kwastan da ke bin kamfanonin da ke ƙin biyan mafi ƙarancin albashi ya daɗe yana fama da ƙarancin ma'aikata, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi kuka har sun gaji. A fara tura su can.