Ƙarfe Ba Ya Gudu, Ka Je Gida Ka Huta

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da muke haɗuwa wajen ɗaga ƙarfe da yamma, da ku masu fita sassarfa bayan sallar Asuba.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah wani yaro cikinku ya same ni muka zauna. Ɗalibi ne, an ba su hutu, wata takwas rabonsa da gida. Ya ce ya yanke shawara kwana biyu kawai zai yi a ƙauye ya juyo. Na tambaye shi ko wani aiki ne ke jiransa, ya ce babu. "Yaya, garinmu babu wajen motsa jiki. In na yi kwana goma ban taɓa ƙarfe ba, duk wahalar da na sha zubewa za ta yi." Maganar ta daɗe tana ci mini rai, domin na san akwai uwa can tana ƙirga kwanaki, ta tanadi abin da yake so, shi kuma yana nan yana ƙirga faɗin ƙwanjinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Na ga mai zuwa bikin ƙanwarsa ya ɓace ana tsakiyar hidima don neman inda zai yi tirenin. Na ga wanda ya kwana a mota daga Legas zuwa Kano, ƙafafunsa a kumbure, maimakon ya kwanta sai ya ɗaure takalmi ya fita gudu. Kuma idan ka zauna da su za ka tarar tsoro ɗaya ne ke korar su, wato wai jiki zai lalace in an tsaya. To, bari mu yi maganar wannan tsoron, don yawancinsa rashin sanin yadda jiki ke aiki ne.

Lokacin da kake ɗaga ƙarfe ba gina tsoka kake yi ba, gajiyar da ita kake yi, har da ƙananan raunuka a zaruruwanta. Ginin yana zuwa ne daga baya, sa'ad da ka ci abinci ka kwanta. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan atisaye jiki yana ta ɗinke abin da ya yage, yana ƙara masa kauri don ya iya jure irin wannan nauyi nan gaba. Shi ya sa ake cewa kada a maimaita wa tsoka ɗaya aiki mai nauyi kullum. Gaɓoɓi da jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkirin warkewa, saboda jinin da ke isa gare su bai kai na tsoka yawa ba. Wannan ɗan ciwon kafaɗar da kake ji wata biyu kana shafa masa man zafi, da gwiwar da ke ƙara in ka durƙusa, suna jiran lokacin da za ka ƙyale su ne. Jiki magayi. Hutun Sallah ko na makaranta shi ne damar da ba ka ba su ba duk shekara.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san saura. Gonar da aka noma shekara da shekaru ba sassauci, amfaninta raguwa yake yi ko da iri mai kyau ne, sai a bar ta ta huta, in an dawo mata ta ba da mamaki. Manomin da ya bar gonarsa saura bai daina noma ba.

Sai tambayar da kowa ke yi: kwana nawa zan yi kafin in fara asara? Ƙarfin tsoka yakan kai wajen mako uku bai ragu yadda za ka lura ba. Abin da ke fara sauka shi ne juriyar numfashi ta masu gudu da 'yan ƙwallo, ita ma sai an doshi mako biyu, kuma kaɗan-kaɗan take tafiya. Abin da ke ruɗin masu ɗaga ƙarfe shi ne madubi. Bayan kwana huɗu ko biyar mutum ya duba ya ga hannunsa ya ɗan saki, sai hankalinsa ya tashi. Wannan kumburin da ke biyo bayan atisaye ne ya sauka, naman yana nan inda yake. Kuma ko da hutun ya yi tsawo har an rasa wani abu, tsokar da ta taɓa ginuwa tana dawowa da sauri fiye da yadda aka gina ta tun farko.

Ku dubi waɗanda jikinsu ne abincinsu. 'Yan ƙwallon Turai da kuke kwana kallo a gidan kallo, ana kammala kaka a watan Mayu suke watsewa hutu. Ƙungiyar 'yan wasan ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFPRO, ta daɗe tana kiran a tabbatar wa kowane ɗan wasa aƙalla kwana 28 na hutu tsakanin kaka da kaka, saboda yawan raunin da ake samu in an cika wasanni. Mu ma nan gida dambe da kokawa wasannin kaka ne tun asali. Damina na sauka ɗan dambe ya kwance zare ya ɗauki fartanya, sai an yi girbi kalangu ya sake kiransa. Ba zaman banza yake yi ba, aikin ne ya canza, hannun da ke shan duka ya samu ya warke. Babu wanda ya ce ya daina zama ɗan dambe don ya yi watanni bai shiga fili ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina. Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, saurayi ne mai ƙarfi da himma, yana azumi kullum yana raya dare gaba ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya ce ya yi azumi ya sha, ya yi salla ya yi barci, domin jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, baƙonsa ma yana da haƙƙi. Ibada ce fa ake magana a kanta, aka ce a sassauta. Ina ga ɗaga ƙarfe? Idan har atisayenka ya kai matsayin da zai gajarta maka zama da mahaifiyarka, ko ya sa ka riƙa jin kamar ka yi zunubi don ka tsallake kwana ɗaya, to ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Ka fara shi ne don lafiya, kada ya koma ubangidanka.

Kada wani ya ji wannan ya ce na ce a kwanta a kan tabarma kwana goma ana latsa waya. Zumunci a ƙafa yake, kuma wannan karin magana ita ce jadawalin atisayenka na hutu. Ka taka zuwa gidan goggo da kawu maimakon hawa babur. Ka raka baba gona, ka ɗebo wa inna ruwa, ka faskara ice, ka riƙe wa mahauci ƙafar rago. In ka ga yara suna buga ƙwallo a fili ka shiga ku yi nishaɗi ba tare da duba agogo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kuma tafiya da sauri tana ciki. Yawon gaishe-gaishen Sallah kaɗai ya isa ya cike wannan. Wanda Allah Ya nufa da Umra ma ya sani, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa masallaci sau biyar. Ka kuma biya bashin barci, awa bakwai zuwa tara, wanda da yawanku ba ku samu sai a hutu.

'Yan'uwana mata, na san damuwarku ta fi karkata ga sikeli. A ci naman Sallah da waina kwana uku, a hau sikeli a ga ƙarin kilo biyu, sai a fasa cin abincin gida. Mafi yawan wannan ƙarin ruwa ne da gishiri ya riƙe, da abincin da ke ciki. Kafin kitse kilo ɗaya ya taru sai an ci rarar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700 a kan abin da jiki ke ƙonawa. Ku ci abincin iyayenku da godiya, a dai kiyaye yawan lemon kwalba. Wanda kuwa likita ya sa shi tattaki saboda ciwon suga ko hawan jini, shi tattakinsa magani ne, ya tafi da shi duk inda ya je.

Inda na fi jin tsoro shi ne ranar dawowa. Mutum ya dawo yana jin kamar ana bin sa bashi, sai ya ɗora nauyin da ya bari, har ya ƙara, wai yana ramuwa. A nan ake samun targaɗe da ciwon baya. Akwai ma abin da ya fi haka muni: idan aka yi wa tsoka aikin da ya wuce kima, musamman a zafin bazara ba a sha ruwa ba, takan farfashe ta zubo da wani sinadari cikin jini wanda ke iya lalata ƙoda. Alamarsa tsamin jiki mai tsanani, kumburi, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Duk wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, kada ya tsaya shan maganin ciwon jiki a kemis.

Saboda haka makon farko ka ɗauki kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na nauyin da ka saba, ka tashi da sauran ƙarfinka. Mai gudu ya rage nisa, ya fita da sanyin safiya da gorar ruwansa. Mako na biyu ka ƙara. In abokai sun tsokane ka don sun ga ka sauke faranti biyu daga sandar, ka ƙyale su, zuwa mako na uku za ka tarar da su inda ka bar su.

Shi yaron nan, bayan mun daɗe muna magana, ya yarda ya yi kwana tara. Da ya dawo na tambaye shi labarin jiki, ya ce kafaɗar da ke damunsa ta daina ciwo. Sannan ya ce a wannan zuwan ne kakarsa ta zaunar da shi ta lissafa masa sunayen kakanninsu har bakwai, ya rubuta su a wayarsa.